Noter: Mutumin da Faransa Ta Damƙa wa Sirrin Gonakinta

A ranar 17 ga Yuli, 1793, ana tsakiyar juyin juya hali, majalisar da ke mulkin Faransa ta fitar da wata doka mai zafi. Ta soke duk hakkokin da iyayen ƙasa suka saba karɓa a kan gonakin talakawa, babu diyyar ko anini, ta kuma ce duk wanda ke riƙe da takardun da suka tabbatar da waɗannan hakkoki ya kai su ofishin hukumar garinsu cikin wata uku, a cinna musu wuta. Cikin waɗanda dokar ta lissafa har da masu rubuta yarjejeniya, waɗanda Faransawa ke kira notaire, mutanen Nijar kuma suke cewa noter. Wanda ya ga hayaƙin takardun nan a dandalin gari zai iya rantsuwa cewa sana'ar ta mutu ke nan. Amma shekara goma bayan haka, a ranar 16 ga Maris, 1803, gwamnatin Napoliyon ta yi dokar da ta sake kafa ta, kuma a kan wannan doka aka gina aikin har zuwa yau. An sare kan sarki, an ƙwace filayen coci, an canza har sunayen watanni, noter kuwa ya koma kan teburinsa.

Don a gane abin da ya cece shi, sai an fara sanin wane ne shi. Mai karatu a Kano ko Zariya zai iya ɗaukarsa kamar lauyan nan da aka ba izinin buga hatimi a kan takardar rantsuwa, alhali tazarar da ke tsakaninsu mai nisa ce. Noter jami'in hukuma ne, gwamnati ke naɗa shi, amma ba ta biyansa albashi. Daga aljihun waɗanda suka zo wurinsa yake ci. Ba ya tsaya wa mai saye ko mai sayarwa, na kowa ne a cikinsu. Takardar da ya rubuta kuma tana da ƙarfi iri biyu da takardar da mutane suka rubuta tsakaninsu ba ta da shi. Na farko, abin da ya ce an yi a gabansa, kotu tana ɗaukarsa gaskiya, sai fa in mutum ya shigar da ƙara ta musamman cewa takardar jabu ce, hanyar da ba kowa ke iya binta ba. Na biyu, in wani ya ƙi biyan abin da ya yi alkawari a cikinta, ana iya zuwa kai tsaye a kama dukiyarsa kamar alƙali ya riga ya yanke hukunci. Wato takarda ce da ta zo da hukuncinta a goye.

Asalin takardar ba ya barin hannun noter. Ana kiransa minute, saboda da ƙananan haruffa ake rubuta shi. Wanda ke bin bashi ana ba shi kwafi mai manyan haruffa da ake kira grosse, shi ne mai ɗauke da umarnin zartarwa. A riƙe wannan a zuciya, domin duk ikon noter daga nan ya samo tushe: mutane suna tafiya da kwafi, shi kuma yana zaune a kan asali.

Sana'ar daga Italiya ta shigo kudancin Faransa a ƙarni na 12, tare da farfaɗowar dokokin Rumawa. A Marseille har yanzu akwai kundin wani noter mai suna Giraud Amalric na shekarar 1248, cike da yarjejeniyoyin fatake masu safarar teku. Arewa ta bi wata hanya daban, domin can al'adun gari-gari ne ke aiki, kuma an daɗe ana raba aikin gida biyu: wani ya rubuta, wani ya yi kwafi ya buga hatimi. Sai a 1597 Sarki Henri na 4 ya haɗe su. Ban da na sarki, iyayen ƙasa suna da nasu masu rubutun, coci ma tana da nata. Kujerar kuma sayenta ake yi da kuɗi, kuma daga 1604, in mai ita yana biyan harajin shekara na kashi ɗaya cikin sittin na darajarta, tana zama dukiyar da 'ya'yansa za su gada. A birnin Paris, a ƙarni na 18, su 113 ne kacal.

Dokoki biyu na ƙarni na 16 su suka ɗaga noter sama. Ta farko ita ce ta Villers-Cotterêts, wadda Sarki François na 1 ya sa wa hannu a 1539. An fi tunawa da ita saboda ta kori Latin daga takardun hukuma ta ce a rubuta da Faransanci, amma a cikinta aka wajabta wa noter adana asalin duk abin da ya rubuta. Ta biyu, wadda a ganina ta fi nauyi, ita ce ta Moulins a 1566. Kafin ita, ƙa'idar da alƙalai ke bi ita ce bakin shaidu ya fi takarda. Dokar Moulins ta juya lamarin: duk ma'amalar da ta haura livre 100, kuɗin wancan zamani, dole a rubuta ta, kuma ba za a saurari shaidu su ƙaryata abin da ke rubuce ba. Dalilin a fili yake, shaidun zur sun yi yawa, shari'u ba sa ƙarewa. Musulmi ba zai ji wannan baƙon abu ba, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, marubuci ya rubuta da adalci, a kuma kafa shaidu. Bambancin shi ne a fiƙihunmu shaidar baki ta ci gaba da zama ginshiƙi, Faransa kuwa ta ɗora takarda a kan kujerar shaidu. A ƙasar da yawancin manoma ba su iya ko rubuta sunansu ba, ma'anar wannan ita ce kowa sai ya bi ta ƙofar noter. Ƙa'idar tana nan har gobe, iyakarta yanzu yuro 1,500.

To, bari mu ƙaddara wani ciniki, mu ga yadda abin ke gudana. A ce shekarar 1750 ce, a wani ƙauye da ke bin al'adar Paris, manomi ya sayar wa maƙwabcinsa gonar da ya gada a kan livre 1,200. Sun zo gaban noter da shaidu biyu, domin ƙa'ida ita ce ko noter biyu, ko ɗaya da shaidu biyu. Tunda babu taswirar filaye, za a siffanta gonar da maƙwabtanta: gabas ta yi iyaka da gonar wane, yamma da hanyar coci, kudu da rafi, kamar dai yadda mai unguwa zai siffanta fili a garinmu.

Abu na farko da zai ba mai karatu mamaki shi ne mai sayarwar ba shi kaɗai ke da gonar ba. Dokar lokacin ta raba mallaka hawa biyu. Manomi yana da ikon nomawa, gadarwa da sayarwa, amma a samansa akwai uban ƙasa mai riƙe da abin da ake ɗauka asalin mallaka. A arewa ana cewa babu ƙasar da ba ta da ubangida. A yankuna da dama na kudu kuwa ana cewa babu ubangida sai da takarda, wato shi ne zai kawo hujja. Kowace shekara manomi yana biyan kuɗin ƙasa da ake kira cens. Sau da yawa ɗan abu ne kaɗan da hauhawar farashi ta riga ta cinye darajarsa, amma uban ƙasa ba ya wasa da shi, saboda shi ne shaidar cewa ƙasar tasa ce, kuma shi ke buɗe masa ƙofar babban rabo ranar da aka sayar. A al'adar Paris rabon nan kashi ɗaya ne cikin goma sha biyu na farashi. A cinikinmu, livre 100 ke nan mai saye zai kai gidan uban ƙasa, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya a gonar ba. Noter zai rubuta a cikin takarda cewa gonar tana ƙarƙashin wane, kuma kuɗin ƙasarta kaza ne. Wannan layin guda shi ya sa manoma suka tsani wasu takardu har suka riƙa ƙona kundayen iyayen ƙasa tun a watan Yulin 1789, kafin wata doka ta ba su izini.

Sai matar mai sayarwa. Doka ta ba ta hakkin cin moriyar wani ɓangare na dukiyar mijinta in ya riga ta mutuwa, kuma wannan hakki yana bin gonar duk inda ta je. Mai saye mai wayo ba zai yarda a rufe takarda ba sai ta zo ta amince ta sauke hakkinta. Abin dariya, ba ta da ikon sa hannu sai da izinin mijin, don haka noter zai rubuta cewa mijin ya ba ta izinin yafe abin da yake so ta yafe. A kan ba ta 'yar kyauta da ake kira kuɗin allura, maza kuma a ware musu kuɗin giyar ciniki. Kalmar da ake kiran wannan na biyun, pot-de-vin, ita ce Faransawan yau ke amfani da ita in suna nufin cin hanci.

An biya, an sa hannu, amma hankalin mai saye bai kwanta ba tukuna. Tunda gonar ta gado ce, duk wani ɗan'uwan mai sayarwa ta ɓangaren da gonar ta fito yana da shekara ɗaya da kwana ɗaya ya zo ya mayar wa mai saye kuɗinsa da abin da ya kashe, ya karɓe gonar. Ya yi kama da shuf'a a fiƙihun Malikiyya, sai dai shuf'a hakkin abokin tarayya ne a cikin dukiyar da ba a raba ba, wannan kuwa hakkin jini ne. Tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne gonar gado ta zuri'a ce, wanda ke riƙe da ita yau ɗan tsaro ne kawai. Shekara guda mai saye ba zai yi gini ko ya sare itace ba, yana jiran ko wani kawu zai ɓullo. An soke wannan hakki a 1790.

Sarki ma yana da nasa kason. Daga 1693, Louis na 14, wanda yaƙe-yaƙe suka tsotse wa baitulmali, ya wajabta a kai kowace takardar noter wani ofishi cikin kwana 15 a shigar da ita a kundi, a biya haraji. Su noter na Paris sun sayi kansu daga wannan da kuɗi, suka ci gaba da ɓoye sirrin manyan mutanen da ke hulɗa da su. A 1703 aka ƙara harajin kashi ɗaya cikin ɗari a kan duk gida ko gonar da ta canza hannu, wato livre 12 a cinikinmu. Tun daga lokacin noter ya zama mai tara wa gwamnati haraji, rigar da bai cire ba har yau. Wanda ya sayi tsohon gida a Faransa yanzu yana biyan kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari da sunan kuɗin noter, alhali mafi yawansa haraji ne da ke wucewa asusun hukuma. Shi ke shan zagi, wasu ke cin kuɗin.

Inda na fi ganin ƙarfin noter na da shi ne wajen bashi. Coci ta haramta kuɗin ruwa, dokar sarki ma haka, har zuwa Oktoban 1789. Amma mutane suna bukatar rance, sai aka samo dabara. Maimakon ka ranta wa mutum livre 1,000, sai ka sayi wani kuɗin shiga daga gare shi: ka ba shi dubun, shi kuma ya ɗauki nauyin biyanka wani abu duk shekara har abada. Sharaɗin da ya halatta ta a idon malaman coci shi ne kai ba ka da ikon neman uwar kuɗinka, shi kuwa yana iya mayar maka da ita ranar da ya ga dama ya 'yantu. Fafaroma Martin na 5 ya amince da wannan a 1425. Sarki ne ke ƙayyade iyakar abin da za a karɓa, kuma daga 1665 ya tsaya a kashi 5 cikin ɗari, wato livre 50 a shekara a kan dubu. Ko wannan ciniki ne ko riba ce da ta canza riga, mai karatu ya san irin wannan muhawara, don ba a Turai kaɗai aka yi ta ba.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. A tsohuwar dokar, duk bashin da aka rubuta gaban noter yana zama jingina a kan dukkan gidaje da gonakin wanda ya ci shi, na yanzu da waɗanda zai samu nan gaba, ko da ba a ambata ba. Kuma babu wani kundi na jama'a da za ka je ka duba. Kana iya sayen gona yau, bayan shekara uku wani ya zo da takardar da ta girmi taka ya ce gonar jinginarsa ce. Minista Colbert ya yi yunƙurin gyara wannan a 1673, ya kafa rajistar jingina a fili. Shekara ɗaya kawai ta yi aka soke ta, domin manyan gidajen sarauta, waɗanda bashi ya yi wa katutu, ba su son a ga tsiraicinsu. A 1771 aka kawo rabin magani: mai saye ya liƙa cinikinsa a kotu wata biyu, duk mai bin bashin da bai fito ba ya rasa hakkinsa a kan wannan gonar.

A irin wannan duhu, wa ya san wanda ke da gona tsarkakakka da wanda ya jinginar da tasa sau uku? Wanda ya rubuta auren uban, ya rubuta wasiyyar kakan, ya ƙirga kayan gidan ranar da aka yi rasuwa, har cokula da zannuwan gado. Shi ya san gwauruwar da ke da kuɗi a ajiye tana neman inda za ta sa, ya kuma san ɗan kasuwar da ke neman jari. Sai ya haɗa su. Masana tarihin tattalin arziki da suka bi kundayen Paris sun nuna cewa tun kafin bankuna su yaɗu, su noter ne ke gudanar da babbar kasuwar rance ta ƙasar, ba da kuɗinsu ba, da abin da suka sani. Dillali ne wanda hajarsa sirri ce. Ba duka ne tsarkaka ba. An sha samun wanda ya karɓi ajiyar mutane ya juya ta ya karye. Shi ya sa daga baya aka tilasta musu ajiye kuɗin abokan hulɗa a asusun hukuma, aka kuma ɗora wa 'yan sana'ar gaba ɗaya biyan ɓarnar da ɗayansu ya yi.

Da wannan za a gane abin da ya faru bayan 1789. Masu juyin juya hali sun rushe mallaka mai hawa biyu, suka ce gona ta mai ita ce shi kaɗai. A 1791 suka soke sayen kujerar noter da gadonta. Amma sabuwar Faransa cike take da sababbin masu filaye, musamman waɗanda suka sayi na coci a gwanjo, kuma babu abin da suke tsoro kamar a wayi gari a ce takardarsu ba ta da ƙarfi. Takardun ubangida aka so a ƙona, takardar saye kuwa an fi bukatarta fiye da da. Ko sayen kujerar ma ya dawo ta bayan gida: a 1816 aka ba noter ikon gabatar da wanda zai gaje shi, shi kuwa magajin ba ya samun wannan gabatarwa kyauta. Sai a 2015 wata doka da ake kira da sunan Macron, lokacin yana ministan tattalin arziki, ta sassauta buɗe sababbin ofisoshi.

Kundin dokokin farar hula na 1804 ya ce ciniki ya faɗa da zarar an daidaita a kan kaya da farashi, ko ba a biya ba, ko ba a miƙa ba. A ƙa'ida ke nan ana iya sayar da gida da fatar baki. Matsalar ita ce mutum na uku da bai san an yi ba. An ɗauki shekara hamsin ana fama kafin dokar 1855 ta ce sai an shigar da ciniki a rajista zai yi aiki a kan wasu, sannan dokar 1955 ta ce rajistar ba ta karɓar komai sai takarda mai ƙarfin hukuma, wadda a aikace ta noter ce. Taswirar filaye da Napoliyon ya fara a 1807 don haraji aka yi ta, ba ta tabbatar wa kowa mallaka. Saboda haka har yau noter yakan bi asalin gida baya har shekara talatin kafin ya yarda a sa hannu.

Wani abin lura: a Afirka ta Yamma, Faransa ta kafa abin da ba ta yi a yawancin ƙasarta ba. Dokokin 1906 da 1932 sun kawo rajistar da ke ba fili takardar mallaka guda, wadda in an yi ta an gama magana. Nijar ta gaji wannan, ta kuma gaji noter, shi ya sa mai sayen gida mai cikakkiyar takarda a Yamai ko Maraɗi yake jin sunansa. A karkara kuwa gona ta ci gaba da tafiya ta hannun gado, sarakuna da shaidu, har dokar karkara ta 1993 ta amince da hakkin gargajiya ta kafa kwamitocin filaye. Ƙetaren iyaka, a Najeriya, dokar 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma amincewarsa ake nema. Kasuwa ɗaya, dangi ɗaya, takarda iri biyu.

Tsofaffin takardun kuwa ba su ɓata ba. Bayan shekara 75 noter yana miƙa su ga ma'ajiyar tarihi. Ta Paris, wadda dokar 1928 ta share wa hanya, tana riƙe da kundayen ofisoshi 122, wasu tun daga ƙarshen ƙarni na 15.

Akwai wani tsohon nau'in ciniki da ya rayu har zamaninmu, ana kiransa viager. Tsoho ya sayar da gidansa, ya ci gaba da zama a ciki, mai saye yana biyansa wani abu duk wata har ranar da ya mutu. Caca ce a kan ajali, kuma doka ta san haka, shi ya sa ta ce in mai sayarwa ya mutu cikin kwana 20 da ciwon da yake ɗauke da shi ranar sa hannu, cinikin ya ɓaci. A 1965, a garin Arles, wani noter mai shekara 47, André-François Raffray, ya ƙulla irin wannan da wata tsohuwa mai shekara 90, a kan faran 2,500 duk wata. Mutum ne da lissafin irin wannan ciniki yake sana'arsa. Sunan tsohuwar Jeanne Calment. Raffray ya biya shekara talatin, fiye da ninki biyu na darajar gidan, ya rasu a Disambar 1995 bai kwana a cikinsa ko sau ɗaya ba. Tunda takardar tana bin magada, matarsa ta ci gaba da biya har 4 ga Agusta, 1997, ranar da Jeanne Calment ta rasu tana da shekara 122.